Rijiyar Lissafi a Shagon Koki

Ku da kuke leƙowa shagona kuna cewa Baba Habu ya samu sana'ar hutu, yana zaune ana buga gem yana shan iskar fanka, ku matso ku ji. Zan fara daga farko in bi da bi, don ban iya labari daga tsakiya ba. Wanda yake da tambaya ya riƙe ta sai na kai ƙarshe.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne wanke fad. Fad shi ne abin da mai wasa yake riƙewa a hannu yana danne-danne. Maigidana Malam Ɗanjuma mai gyaran rediyo ne a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, daga baya ya sayi na'urar gem ya ajiye a gefen shagonsa. Ranar da aka kai ni wurinsa ya miƙo mini wani fad da madanninsa ya maƙale, ya ce in gano abin da yake damunsa. Na kwance sukurori, na buɗe cikinsa, sai na tarar da man awara, da garin ƙuli-ƙuli, da wani baƙin abu da har yau ban san sunansa ba. Na wanke robar da tsohon buroshin haƙori, na goge cikin da auduga da sipirit, na shanya, na mayar. Sai sukuru ɗaya ya ragu a hannuna. Malam Ɗanjuma bai yi faɗa ba. Ya ce in sake kwancewa gaba ɗaya, in jera kowane sukuru a kan tabarma yadda na ciro shi, na farko a dama, na ƙarshe a hagu. Tun daga ranar ban ƙara kwance wani abu ban jera ba, ko da agogon bango ne.

Abubuwan da na koya a wurinsa, ga su yadda suka zo. Na farko kunne: ka ji kukan janareta ka san mai ne ya yi ƙasa ko fulogi ne ya yi datti, tun kafin talabijin ta fara rawa. Na biyu ido: ka san faifan da zai karanta da wanda ya gama zamaninsa, ka san yadda ake goge idon na'ura ba tare da ka makantar da ita ba. Na uku hannu: ɗinkin waya da dalma, don babu wayar fad da take shekara ba a fizge ta ba, musamman idan an ci mutum a mintin ƙarshe. Na huɗu mutane. Wannan ne mai wuya, kuma babu sukundirebar da take kwance shi.

Masu zuwa gidan gem iri-iri ne. Akwai wanda idan an ci shi sai ya ce fad ɗin ne ya lalace, ka canja masa, a sake cin sa, ya ce wancan ya fi. Akwai wanda bai taɓa riƙe fad ba amma ya fi kowa sanin inda ya kamata a buga ƙwallo. Akwai mai cewa saura ɗaya, saura ɗaya, har ƙanwarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Umma tana kira. Maganinsu duka guda ne, wato benci. Wanda ya zo ya zauna a ƙarshe. Wanda aka ci ya tashi ya koma baya, kowa ya matsa gaba. Ba a sayen wuri, ba a ajiye wa aboki, ba a cewa ni babba ne. Na taɓa mayar da wani ango ƙarshen benci da lallensa a hannu.

Da na samu 'yanci na dawo unguwarmu, Koki, na nemi shago. Alhaji Mudi, tsohon ɗan kasuwar yadi, yana da wani ɗaki da aka yanka daga zaurensa, ƙofarsa tana kallon lungu. Na je na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya ba ni, amma da sharaɗi uku. Ba caca. Ba yaro da kayan makaranta a lokacin makaranta. Idan aka kira salla, a kashe komai. Na ce masa ai na'urorin suna da wurin tsayar da wasa, a je a dawo a ci gaba. Ya ce ya sani, jikokinsa sun nuna masa, kuma ba abin da ya faɗa ba ke nan.

"Kashewa na ce, Habu, ba tsayarwa ba. Wanda ya bar ƙwallo a tsaye a talabijin, a sujada ma ita zai gani."

Ya ce ranar da na karya ɗaya daga cikin ukun, in kawo masa makulli da hannuna, kada in bari ya aiko. Na ce na ji. Na haɗa dukkan wayoyin shagon a kan soket guda kusa da kujerata, yadda hannu ɗaya zai isa. Shekara da shekaru haka muka zauna. Ladan yana cewa Allahu Akbar, ni ina zare fulogi. An zage ni a ɓoye, an roƙe ni a fili, wani ma ya yi mini kuka da hawaye yana kan cin kofi. Ban taɓa jira ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ba ta zo da hayaniya ba. Kawai dai na lura benci yana gajarta. Yara sun samu wayoyin hannu, ƙwallon da suke layi a kanta a wurina ta koma aljihunsu. Man fetur ya yi tsada, wuta kuma sai a wuni ba a gan ta ba. Na'urori biyu suka makance a wata guda, na nemi idonsu a kasuwa na rasa. Wata rana na tayar da janareta saboda mutum ɗaya, ya buga wasa ɗaya, ya ce a wayarsa ma ya fi kyau, ya tafi. Sale tela, maƙwabcina, ya leƙo ya ce idan ba na amfani da bencin in ara masa, masu jiran ɗinki sun yi yawa.

A cikin wannan hali ne Nasiru, babban ɗan Alhaji Mudi, ya fara zuwa yana duban bango. Nasiru ba mugu ba ne, a wannan bencin ya girma. Yana so ya buɗe kantin kayan masarufi da firij, kuma shagon na mahaifinsa ne. Ya gaya mini a fili cewa ya yi wa Alhaji magana, Alhaji ya ce a bari azumi ya wuce a yi salla, sannan ya yanke. Na ce to. Ban da wannan shagon ba ni da wani wuri, kuma mai shekaruna ba ya komawa koyon sana'a.

Wata ranar Asabar Kabiru ya shigo ɗauke da tsohuwar kwamfutar tebur a kafaɗa. Kabiru tsohon ɗan bencina ne, yanzu magidanci, yana gyaran waya a wajen Ƙofar Dawanau. Ya dire ta yana haki, ya ce ya kawo mini abin da ya hana shi cin abincin rana sati guda. Ya ce wani wasa ne da mutum ɗaya ya ƙirƙira shi kaɗai a ɗakinsa, ba kamfani ba, shi Kabirun ya saye shi ta intanet da kuɗin da bai kai na fad ɗaya ba. Na haɗa kwamfutar da talabijin, na jona fad, ya kunna. Abin da ya fito bai yi kama da abin da zai hana mutum cin abinci ba. Wani ɗan mutum ne kamar zanen ɗan firamare, yana riƙe da fitila a bakin rijiya. Na ce wa Kabiru ko zanen allon makaranta ya fi wannan. Ya ce in zauna dai.

Ga yadda wasan yake, ku saurara da kyau. Ɗan mutumin yana sauka cikin rijiya, ɗaki bayan ɗaki. A kowane ɗaki akwai dodo, a ƙirjinsa an rubuta lamba. Kai kuma kana da katuna a hannu, wasu na lambobi, wasu na tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Aikinka ka mayar da lambar dodon ta zama sifili daidai. A ce dodo yana ɗauke da arba'in da takwas. Ka raba shi shida, ya zama takwas, ka ɗebe takwas, ya faɗi. Idan ka ɗebe fiye da abin da ya rage, rarar daga ranka za a cire. Idan ka raba da lambar da ba ta shiga daidai, katin ya ƙone a banza. Duk katin da ka jefa kuma, dodon zai kai maka duka ɗaya, saboda haka mai dogon lissafi ba ya nisa. Idan ka ci ɗaki, a ba ka sabbin katuna uku ka zaɓi ɗaya. A gefen allo akwai igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗaki ne, tana nuna maka inda ka kai da abin da ya rage.

Sai babban abin. Idan ka mutu, ka mutu. Babu ci gaba daga inda ka tsaya. Za ka koma bakin rijiya da katunan farko, kuma rijiyar ta canja, dodanni sababbi, lambobi sababbi. Ba a haddace ta. Haka nan idan aka kashe kwamfuta ana tsakiya, duk abin da ka tara ya tafi. Na tambayi Kabiru ko mai wasan mantawa ya yi bai sa wurin ajiya ba. Ya ce da gangan ya yi. Na ce to wannan mutumin da a Koki yake da mun shirya.

Na mutu a ɗaki na uku. Na ce a sake. Na mutu a na biyu. Kabiru yana dariya yana cewa Baba Habu ashe kai ma kana cewa saura ɗaya. Sale tela ya ji mu ya leƙo da tef a wuya, ya tsaya a bayana, ya ce ban iya ba, ai da na ninka kafin in ɗebe. Na miƙa masa fad. Ya mutu a ɗakin farko, ya ce fad ɗin ne.

Sunan wasan na Turanci ne mai tsawo, babu wanda ya wahalar da bakinsa. Rijiyar Lissafi aka sa masa, ya bi shi. Kafin sati biyu benci ya cika, na karɓo wanda na ara wa Sale. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wasan mutum ɗaya ne, amma bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Mai fad yana gaba, sauran suna bayansa suna lissafi da baki, da yatsu, wani yana zane a ƙasa da tsinke. Wannan ya ce raba, wancan ya ce kada ka raba, ajiye katin bakwai saboda ƙasa. Aka samu 'yan ninkawa, masu son su kumbura lamba sannan su sare ta, aka samu 'yan a-hankali masu ɗebewa kaɗan-kaɗan, kuma ɓangarorin biyu ba sa ga maciji. Ɗalibai 'yan sakandare da ba sa son a ambaci jadawalin sau a gabansu suka koma suna yi wa juna gori a kansa. Wani direban adaidaita ya riƙa ajiye mashin a bakin lungu yana cewa minti biyar, fasinja suna leƙe. Na kafa doka cewa shawara ɗaya bayan ɗaya za a riƙa bayarwa, daga dama zuwa hagu. Ita ce doka ɗaya tilo da na kafa a rayuwata wadda ba ta yi kwana ɗaya ba.

Dokar benci kuwa ta zauna daram. Wanda ya mutu ya miƙa fad ya koma baya. Dokar salla ma haka, sai dai yanzu ta fi ciwo, don da wasan ƙwallo kaɗai ake asara, yanzu kuwa tafiyar awa guda ce take tafiya. Mutane suka koyi duban inuwar katanga kafin su karɓi fad. Idan la'asar ta matso sai ka ga ana ladabi, kowa yana cewa ɗan'uwansa bismilla, kai ne a gaba.

Wata rana Nasiru ya leƙo, ya ga katuna a jere a talabijin, ya ga manya da yara sun dunƙule suna ce-ce-ku-ce, wani yana dafe kai. Bai tambayi kowa ba ya shiga gida. Abin da ya gani ya faɗa wa mahaifinsa: ana karta a shago. Ba a jima ba sai ga Alhaji Mudi da sandarsa a bakin ƙofa, shi da bai taɓa taka cikin shagon ba tun ranar da ya ba ni makulli. Na tashi na ba shi kujerata. Ya ce ba zama ya kawo shi ba, an ce masa sharaɗin farko ya karye. Na ce Alhaji ya duba da idonsa, idan ya ga caca makulli yana aljihuna. Na ce wa Sale, wanda fad yake hannunsa, ya ci gaba.

Sale yana gaban wani dodo mai casa'in da ɗaya, ransa saura kaɗan, ga Alhaji yana tsaye a kansa. Ya kai yatsa zai ɗebe tara. Alhaji ya tambaya me ake nema. Kabiru ya yi masa bayani a gajarce. Alhaji ya dubi katunan da suke ƙasan allo, ya ce:

"Kai tela, ajiye taran nan. Raba shi bakwai."

Sale ya ce ai casa'in da ɗaya ba ya rabuwa, Alhaji. Alhaji ya ce shekara nawa yana yanka bandir, ya raba. Sale ya raba, ya zama sha uku. Ya ɗebe tara, ya ɗebe huɗu, dodo ya faɗi. Benci ya ɗauki sowa. Alhaji ya ce a yi wa mutane shiru, ya tambaya ina kuɗin da aka zuba. Aka ce babu. Ya tambaya to wanda ya ci me yake samu. Aka ce wani ɗakin. Ya ce wannan aikin banza ne, ya jawo kujerar da ya ce ba zai zauna ba, ya zauna, ya ce a shiga ɗakin ya gani.

Daga ranar kullum bayan azahar sai ya fito, wai yana duba ko an koma caca. Ba ya taɓa fad. Yana zaune a kujerata yana gyara wa mutane lissafi, yana kiran 'yan ninkawa almubazzarai. Ba kullum yake daidai ba. Ya taɓa kashe Kabiru a ɗaki mai nisa da shawarar da ya rantse a kanta, da dodon ya gama da shi sai Alhaji ya ce ai Kabirun ne ya yi jinkirin dannawa. Maganar shago kuwa bai ce komai ba. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla, Nasiru yana tuna masa, Alhaji yana cewa a dakata. Ni kuma ban tambaya ba.

Ranar da nake so in ba ku labarinta Laraba ce. Alhaji ya shigo, na tashi daga kujera kamar kullum, sai ya wuce ta, ya je ƙarshen benci ya zauna kusa da wani ɗan sakandare, ya jingine sanda. Mutane suka fara matsawa suna cewa Alhaji ya dawo gaba. Ya dube ni. Na ce benci benci ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zauna a nan. Aka yi sa'a waɗanda suke gabansa suka mutu da wuri, wasu ina zargin da gangan, fad ya iso hannunsa.

Ya riƙe shi kamar an miƙa masa jariri. Kabiru ya nuna masa madanni biyu, ya ce su kaɗai yake buƙata. Alhaji ya fara sauka. Wasansa irin cinikinsa ne: ba ya jefa kati sai ya juya shi a ransa, ba ya karɓar sabon kati don ƙyalli, kuma duk wanda ya ba shi shawara sai ya ce ya ji, ya yi abin da ya ga dama. Ya wuce inda Sale yake mutuwa. Ya wuce inda ni nake mutuwa. Ya wuce ɗakin da Kabiru bai taɓa wucewa ba. Aka daina ba da shawara. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo, masu jiran ɗinki suka baro shagon Sale, taga ta cika da kawuna. Nasiru ma ya zo kiran mahaifinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Igiyar gefen allo tana ta gajarta, har ya zama ƙulli ɗaya ne ya rage a ƙasa. A duk Koki babu wanda ya taɓa ganin abin da yake cikin ɗakin ƙarshe.

Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya yi gyaran murya.

Sale ya ce gyaran murya ba kiran salla ba ne, kowa ya sani. Na ce haka ne, na matsa kusa da soket. Kabiru ya raɗa mini cewa in kashe talabijin kawai in bar kwamfutar, babu wanda zai ce ban kashe ba. Direban adaidaita ya ce ai mai dokar ne da kansa yake wasa, mai doka kuma yana iya ɗaga dokarsa. Nasiru kuwa ni kawai yake kallo. Lissafin a fili yake. Idan na zare, na ɓata wa mutumin da shagon yake hannunsa, a ranar da ya fi kowace jin daɗi, a gaban unguwa. Idan ban zare ba, na karya sharaɗi na uku a gaban ɗansa, kuma an gaya mini tun farko abin da zan yi da makulli.

Ladan ya ce Allahu Akbar. Alhaji bai juyo ba, idonsa yana kan ƙofar ɗakin ƙarshe.

"Habu, ɗaki ɗaya ya rage."

"Na gani, Alhaji."

Na zare fulogi.

Talabijin ta yi baƙi, fanka ta tsaya. Wani a taga ya yi salati. Alhaji ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, sannan ya ajiye fad a kan benci a hankali, ya ɗauki sandarsa, ya fita. A masallaci sahu ɗaya muka tsaya, da aka sallame ya ba na damansa hannu, ya ba na hagunsa, ya tashi. Ni ne na biyu a hagunsa.

Kwanaki bai fito ba. Bencin ma ya yi sanyi, ana wasa ana satar kallona kamar wanda ya yanka ragon mutane. Sale ya daina ara mini almakashi. Nasiru ya zo da kafinta suka auna bango da tef, suna maganar inda kantar kaya za ta zauna da inda firij zai shiga. Na matsar musu da benci don su auna da kyau. Na fara naɗe wayoyin da ba a amfani da su, kowace da takardarta, ina jerawa a kwali.

Ranar Litinin da hantsi ina share ƙofar shago aka ce Alhaji yana kira. Na sa makulli a aljihu na shiga zaure. Yana zaune a kan buzu, Nasiru yana gefe. Na gaishe shi ya amsa a gajarce. Ya tambaye ni ko gaskiya ne duk katunan da ya tara sun tafi, har da na rabawa biyun nan da ya ɓoye. Na ce sun tafi. Ya tambaya ko Kabiru ba zai iya tono su daga cikin kwamfutar ba. Na ce ba zai iya ba. Sannan ya tambaya yaushe nake buɗe shago. Na ce bayan azahar, saboda sharaɗi na biyu, sai yara sun taso daga makaranta.

"Ni ɗan makaranta ne?"

Na ce a'a.

"To daga gobe ka buɗe da hantsi. Na duba, tsakanin azahar da la'asar ba ya isar mutum ya kai ƙasan rijiyar nan. La'asar zuwa magariba ma haka. Daga asuba zuwa azahar ne kaɗai babu mai kira."

Nasiru ya ce Baba, to maganar kanti fa, ga shi har an auna. Alhaji ya ce ya ji an auna, awo ba ya lalacewa, Nasiru ya je ya nemi ɗakin da ya yi daidai da shi a bakin titi, inda masu sayen lemo suke wucewa. Ya ce shi ba zai tayar da mutumin da ya kashe masa wasa a kan salla ba, don idan ya tayar da shi bai san abin da zai gaya wa liman ba. Ya juyo gare ni ya ce in tafi, kuma in duba fad ɗin nan na hagu, madanninsa yana maƙalewa, shi ne ya ɓata masa lokaci ranar Laraba.

Na koma shago na kwance fad ɗin, na jera sukurori daga dama zuwa hagu. Lafiyarsa ƙalau. Na goge shi duk da haka, na mayar.

Yanzu da hantsi nake buɗewa. Bencin safe na dattawa ne: Alhaji, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da Sale idan ɗinki ya yi sauƙi. Har yau babu wanda ya ga ɗakin ƙarshe. Alhaji ya sake kusantarsa sau ɗaya, ya raba da lambar da ba ta shiga ba, ya ce hayaniyar Sale ce. Idan rana ta take tsaka, shi da kansa yake duban inuwar katanga ya ce wa na kusa da shi bismilla, kai ne a gaba.

To, wanda ya riƙe tambaya ya kawo ta yanzu. Wanda kuma yake son ya gwada, ga benci can. Daga ƙarshe ake farawa.